Ido, Madubi da Kyamara: Yadda Ɗan Wasan Tseren Motoci Ke Sanin Abin da Ke Gefensa

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa tseren motoci na cikin wasannin kwamfuta da matasa suka fi sha'awa. Su waɗannan wasanni iri biyu ne. Akwai na nishaɗi zalla, inda mota kan daki katanga ta ci gaba da gudu tamkar ba abin da ya same ta. Akwai kuma waɗanda aka gina don su kwaikwayi zahiri, wato nauyin mota da riƙon taya a kan kwalta da kamun birki duk an lissafa su bisa ƙa'idojin kimiyya. Daga cikin irin na biyun akwai Gran Turismo wanda ya fito a Japan a 1997, da iRacing na Amurka wanda aka buɗe a 2008, da Assetto Corsa na Italiya wanda ya fito a 2014. Kwaikwayon ya yi nisa, har wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Jann Mardenborough ya ci gasar GT Academy a 2011 ta hanyar wasan Gran Turismo, daga nan ya zama direban tsere na gaske. Haka kuma a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe filayen tsere, manyan direbobin duniya sun koma fafatawa da juna ta kwamfuta.

Duk da wannan ci gaba, akwai matsala guda da ta daɗe tana damun masu wannan wasa. Motoci biyu za su shiga kwana kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta karkato ta buge ɗayar, tseren da aka yi kwanaki ana shiri dominsa ya lalace cikin daƙiƙa guda. In aka tambayi wanda ya yi karon, amsarsa ba ta wuce cewa bai ga motar ba. Sau da yawa kuwa gaskiya ya faɗa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana dalilin haka ta fuskar ilmin halittu: me ido ke gani, me allon kwamfuta ke hana shi gani, kuma waɗanne dabaru aka ƙirƙiro don cike giɓin.

1. Filin ganin ɗan Adam

Idan mutum ya tsayar da kansa da idanunsa wuri guda, duk abin da yake iya gani a wannan hali shi ake kira filin gani. Ana auna shi da digiri, kamar yadda ake auna kusurwa a darasin lissafi. Daga hagu zuwa dama, filin ganin mutum mai lafiyar ido ya kai kimanin digiri 200, wato ya ɗan zarce rabin da'ira. A cikin wannan, kimanin digiri 120 na tsakiya ne idanu biyu ke gani tare, kuma a nan ne ƙwaƙwalwa ke kwatanta hotunan biyu ta fitar da nisan abubuwan da ke kusa.

Sai dai wannan fili ba duka yake da kaifi ɗaya ba. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, wanda ake kira tantanin gani. A jikinsa akwai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu. Na farko masu siffar sanda ne, yawansu ya kai miliyan 90 zuwa 120 a kowane ido, su ne ke aiki a cikin duhu-duhu, amma ba sa bambance launi. Na biyu masu siffar mazurari ne, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ne ke bambance launi da fitar da ƙananan siffofi. Masu siffar mazurarin sun fi cunkushewa a wani ɗan ƙaramin gurbi da ke tsakiyar tantanin, wanda za a kira shi ɗigon kaifin gani. Abin da wannan ɗigo ke ɗauka bai wuce kimanin digiri 2 ba, wato kwatankwacin faɗin babban yatsa idan aka miƙe hannu. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura. Saboda ƙanƙantarsa ne ido ba ya zama wuri ɗaya, yakan yi tsalle daga wannan abu zuwa wancan kamar sau 3 a kowace daƙiƙa.

Sauran filin shi ne abin da Bahaushe ke kira gani da wutsiyar ido. Ganin wutsiyar ido ba ya karanta rubutu, ba ya tantance fuska sosai, amma gwani ne wajen kama motsi. Da zarar wani abu ya gifta a gefe, saƙo kan isa wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda ke juya ido da kai zuwa wurin, tun ma kafin mutum ya san ko mene ne. Ke nan aiki ya rabu biyu: wutsiyar ido ce mai gadi da ke cewa ga wani abu can, ɗigon kaifin gani kuma shi ne mai binciken da ke faɗin ko mene ne. Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

2. Abin da sauran dabbobi ke koyarwa

Faɗin filin gani ya danganta da inda ido ya zauna a kai, shi kuma wannan ya danganta da yadda dabba ke rayuwa. Dabbobin da ake farauta, irin su zomo da doki da akuya, idanunsu na gefen kai. Doki na ganin kimanin digiri 350, zomo kuwa kusan da'ira cikakkiya. Duk wanda ya dubi idon akuya da kyau zai ga baƙin tsakiyarsa a kwance yake, dogo daga gaba zuwa baya. Wani bincike da Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa wannan siffa na taimaka wa dabbar ta ga faɗin ƙasa ta kowane gefe, kuma idan ta sunkuya kiwo, ƙwayar idon kan juya domin baƙin ya ci gaba da zama daidai da shimfiɗar ƙasa.

Mafarauta kuwa, irin su kyanwa da mujiya, idanunsu na fuskantar gaba. Sun sami ƙwarewar auna nisa, amma sun yi asarar ganin baya, shi ya sa mujiya ke juya wuyanta har kimanin digiri 270. Mutum na cikin wannan rukuni na masu idanu a gaba. Direban tsere kuwa yana bukatar baiwar rukunin biyu a lokaci guda, domin yana farautar motar da ke gabansa, ta bayansa kuma tana farautarsa.

3. Allon kwamfuta taga ce

Wanda ke zaune a cikin motar gaske yana da filin ganinsa duka, sai abin da jikin motar ya tare. Wanda ke wasa a kwamfuta kuwa tamkar mai leƙen duniya ne ta taga. Girman abin da zai gani ya dogara da abu biyu: faɗin tagar da nisansa da ita.

Ga misali mai sauƙin lissafi. Allo mai inci 27 faɗinsa kimanin santimita 60 ne. Idan ɗan wasa ya zauna santimita 60 daga gare shi, kusurwar da allon ya cika a idonsa digiri 53 ce, wato digiri 26.5 ta hagu, 26.5 ta dama. Wannan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na filin ganinsa. Sauran kashi ukun, inda wutsiyar ido ke gadi, ba sa ganin komai sai bangon ɗaki da labule. Mai wasa da wayar hannu ya fi shiga takura, domin allo mai faɗin santimita 15 da aka riƙe a nisan santimita 30 bai wuce digiri 28 ba.

To, me wannan ke nufi a kan hanyar tsere? A ɗauka wata mota ta biyo ta dama, tazarar da ke tsakanin gefenta da idon direba mita 2 ce. A kan allon nan mai digiri 53, hancinta ba zai bayyana ba sai ya yi gaba da idon direban da mita 4. Tun da hancin motar direban kansa bai wuce kamar mita 2 daga idonsa ba, ashe sai abokin hamayya ya riga ya wuce shi sannan zai gan shi. Duk tsawon lokacin da suke jere da juna, motar ba ta cikin allo. A motar gaske, wutsiyar ido za ta iya kama wannan mota tun tana daidai kafaɗa.

Mai karatu zai iya cewa, ai sai a umarci kwamfuta ta cusa fili mai faɗi a cikin allon. Ana iya yin haka, amma yana da farashi. Idan aka cusa digiri 90 a cikin allon da gaskiyarsa digiri 53 ne, duk abin da ke tsakiyar hoton zai ragu zuwa rabin girmansa. Motar da ke nisan mita 20 sai ta yi kama da wadda ke nisan mita 40. Wannan babbar illa ce, domin ƙwaƙwalwa na amfani da yadda hoton abu ke kumbura a tantanin gani wajen ƙiyasta lokacin da ya rage kafin a cim masa. Masanin nan David Lee na Jami'ar Edinbara ya yi bayanin wannan a 1976 dangane da taka birki. Idan hoton ya ƙanƙance, kumburinsa kan yi wuyar ganewa da wuri, sai direba ya makara wajen birki. Saboda haka ɗan wasa na tsakanin zaɓi biyu: fili madaidaici mai ba da ƙiyasin nisa na gaskiya amma marar gefe, ko fili mai faɗi da ke nuna gefe amma yana ruɗin nisa.

4. Ire-iren mazaunin kyamara

A cikin wasan kwamfuta babu kyamarar ƙarfe da gilashi. Abin da ake kira kyamara shi ne wurin da kwamfuta ta ɗauka a matsayin idon mai kallo, daga nan take zana hoton. Tarihin waɗannan wasanni ya nuna an gwada wurare da dama. Gran Trak 10 na kamfanin Atari, a 1974, daga sama yake nuna hanya kamar taswira. Night Driver na 1976 ya sa mai wasa yana kallon hanya daga cikin mota. Pole Position na kamfanin Namco, a 1982, ya shahara da kallo daga bayan mota. A 1992 kuma Virtua Racing na kamfanin Sega ya bai wa ɗan wasa maɓallai huɗu don ya sauya mazaunin kallo yana cikin gudu. Waɗanda aka fi amfani da su su ne:

(a) Kallo daga kujerar direba. Shi ne mafi kusa da zahiri. Ana ganin sitiyari da gilashin gaba da ginshiƙan da ke riƙe da rufin mota. Yana ba da ƙiyasi mai kyau na shiga kwana, amma shi ya fi kowanne toshe gefe, domin bayan ƙarancin faɗin allo, ga kuma ginshiƙai da ƙofofi sun cinye wani sashe.

(b) Kallo daga kan murfin inji ko daga bamba. An kawar da jikin mota, hanya ta buɗe. Kyamarar bamba na kusa da ƙasa, don haka gudu ya fi bayyana, amma direba ba ya ganin faɗin motarsa, kuma tun da idon ya matsa gaba, duk tsawon motar na bayansa.

(c) Kallo daga saman kan direba. A motoci masu buɗaɗɗen mazauni irin na Formula 1, wannan ya yi daidai da kyamarar talabijin da ake ɗaurawa a saman mota. Yana nuna tayoyin gaba biyu da hanya mai nisa, shi ya sa da yawa daga masu gasar irin waɗannan motoci a kwamfuta suke zaɓarsa.

(d) Kallo daga baya. Kyamara na bin motar daga sama da baya, kamar shaho na bin kaza. A nan ɗan wasa na ganin motarsa duka da duk wadda ta jero da ita, wato an ba shi irin baiwar doki da akuya. Amma ba direban da ya taɓa ganin motarsa daga waje yana tuƙa ta. Daɗin daɗawa, jikin motar na rufe wani sashe na hanyar da ke gabanta, kuma auna tazarar taya da bakin kwana ya fi wuya.

A taƙaice, duk kyamarar da ta ƙara sanin gefe takan rage kusanci da zahiri, wadda ta ƙara kusanci da zahiri kuma takan rage sanin gefe. Wannan ne ya sa ake yawan muhawara a kan adalci. Wasu masu shirya gasa kan tilasta wa kowa kallo daga kujerar direba domin kada wani ya fi wani gani, kuma a kan wannan kallo ne iRacing ya gina tserensa.

5. Dabarun cike giɓi

Ya kamata a sani cewa direban tsere na gaske ma bai tsira daga wannan matsala ba. Hular kwano na rage masa gefe, kujera na da fikafikai da ke tare kansa, ga kuma abin kare wuya da aka wajabta a Formula 1 tun 2003, wanda ke taƙaita waiwaye. Saboda haka yawancin dabarun da ke cikin wasannin kwamfuta daga filin tsere na gaske aka aro su.

Madubi. A farkon ƙarni na 20, motar tsere kan ɗauki mutum biyu, direba da makaniki, kuma cikin ayyukan makanikin har da waiwayawa ya faɗa wa direba wanda ke tafe. A tseren Indianapolis 500 na farko, a 1911, Ray Harroun ya shiga shi kaɗai a motarsa Marmon Wasp, ya ɗaura madubi a gabansa a maimakon makaniki, kuma shi ya ci tseren. Har yau madubi bai daina zama abin kulawa ba, domin a 2023 an ƙara girman madubin motocin Formula 1 don inganta ganin baya. A kwamfuta, madubin gefe kan faɗa wajen allo, don haka aka ƙirƙiro wani dogon madubi da ake liƙawa a saman hoton. Aibinsa shi ne ɗigon kaifin gani ne ke karanta shi, dole ido ya bar hanya. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kimanin mita 56 a daƙiƙa, ke nan duban madubi na rabin daƙiƙa daidai yake da tafiyar mita 28 ba tare da kallon gaba ba. Bugu da ƙari, tsakanin inda madubi ya daina nuna mota da inda allo ya fara nuna ta akwai wani yanki da ba a gani, kuma nan ne ainihin inda ake karo.

Ɗan hange. A tseren NASCAR na Amurka, kowane direba na da mutum da ke tsaye a can saman ginin 'yan kallo, yana ganin fili duka, yana yi masa magana ta rediyo: akwai mota a hagunka, tana nan har yanzu, ta wuce. Aikinsa ya yi kama da na yaron mota da ke tsaye a bayan babbar mota yana yi wa direba jagora idan zai yi baya. Wasannin kwamfuta sun kwaikwayi wannan da murya da ke fitowa da zarar mota ta jero. Fa'idarsa a fili take: saƙon ta kunne yake shiga, ido bai bar hanya ba.

Rada da alamomi. Wasu wasanni, irin su Gran Turismo Sport na 2017 da Assetto Corsa Competizione na 2019, suna nuna ɗan ƙaramin zane a allo, motar ɗan wasa a tsakiya, sauran motoci kewaye da ita kamar an hango su daga sama. Wasu kuma kibiya suke nunawa a bakin allo, ko wani launi da ke kunnuwa idan mota ta matso. Alamar da ta fi amfani ita ce babba mai motsi ko walƙiya, domin irinta ce wutsiyar ido ke kamawa ba sai an dube ta ba. Ƙaramin rubutu ko lamba kuwa sai an juya ido.

Kunne. Sauti daga dama kan riga isa kunnen dama kafin na hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ya fi ƙarfi a can. Daga wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane ɓangaren da ƙara ta fito. Ɗan wasan da ya sa abin sauraro a kunnuwa biyu zai iya jin injin abokin hamayya ta gefensa. Sai dai kunne ya fi gwaninta wajen bambance hagu da dama a kan bambance gaba da baya.

Faɗaɗa tagar. Hanya mafi kai tsaye ita ce a mayar wa wutsiyar ido aikinta. Idan aka jera allo uku irin na misalin da ya gabata, aka karkato na gefe biyu suna fuskantar ɗan wasa, filin zai kai kimanin digiri 160. Akwai kuma na'urar da ke bin motsin kai, irin su TrackIR, wadda ke juya hoton idan mutum ya juya kansa. Sai kuma tabaran kwaikwayon zahiri da ake ɗaurawa a fuska, waɗanda suka yaɗu daga 2016. Yawancinsu na ba da kimanin digiri 100 zuwa 110 ne kawai, amma suna bai wa kowane ido hotonsa, kuma mutum na iya waiwayawa yadda ya so. Muhimmancin juya kai ya fito a binciken da Michael Land da Benjamin Tatler suka wallafa a 2001, inda suka auna idon wani direban tsere a filin Mallory Park na Ingila, suka ga yana juya kansa zuwa cikin kwana gwargwadon yadda motar za ta juya. Illar tabaran ita ce wasu kan ji jiri da tashin zuciya, saboda ido na cewa jiki na gudu, alhali sassan daidaito da ke cikin kunne na cewa a zaune yake.

6. Gani daban, lura daban

Ko da an ba mutum dukkan waɗannan kayan aiki, akwai sauran iyaka guda, ita ce ta hankali. A 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard sun nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Ana cikin haka sai wani mai shigar goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kimanin rabin masu kallon ba su lura da shi ba, alhali hotonsa ya sauka a idanunsu. Haka yake ga direba: idan hankalinsa ya tattara a kan wurin taka birki, yana iya kasa lura da motar da ke cikin madubinsa ƙuru-ƙuru.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne gwani na riƙe da taswira a zuciyarsa. Yakan dubi madubi a miƙaƙƙiyar hanya, inda duban ba shi da haɗari, ya ƙiyasta saurin wanda ke biye da shi, ya san inda zai kasance idan an isa kwana. Idan motar ta ɓace daga madubi kuma ba ta bayyana a gaba ba, ya san ba ta narke ba, tana gefensa, sai ya bar mata faɗin mota guda. Wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci a tseren da ake yi ta intanet, domin saƙon inda kowace mota take yakan ɗan yi jinkiri a hanya, kwamfuta kuma ta cike da ƙiyasi, ta yadda inda aka ga mota ba lallai ne ya zama daidai da inda take ba. Wasu wasanni ma, kamar iRacing, suna rage wa direba makin amincin tuƙi duk lokacin da ya yi karo, ba tare da duba mai laifi ba.

7. Daga allo zuwa titi

A kwamfuta, sakamakon rashin ganin gefe bai wuce ɓacin rai da asarar maki ba. A titi kuwa rai ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a shekara sanadiyyar haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Kowace mota na da yankin da madubi ba ya nunawa, na tirela da tanka kuwa ya fi girma, musamman ta gefen da ke nesa da direba, da daf da gabanta, da bayanta. Ɗan acaɓa ko mai keke da ya raɓa gefen tirela a kwana yana cikin halin motar nan da ba ta cikin allo. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, wanda ba ya ganin fuskar direba a madubin motar, to ya ɗauka direban ma ba ya ganinsa. Shi kuma direba, kafin ya sauya layi, ya dubi madubi sannan ya ɗan juya kai, domin waiwaye adon tafiya ne.

8. Gwaje-gwaje domin aji

Na ɗaya, auna wutsiyar ido. Ɗalibi ya zauna ya kafa ido a kan wani ɗigo a allon aji. Wani ya ɗauko murfin biro mai launi, ya taho da shi a hankali daga bayan kunnen na zaunen zuwa gaba yana kaɗa shi. A yi alama a wurin da ya fara ganin motsi, da wurin da ya iya faɗin launin daidai. Za a tarar motsi ya riga launi da tazara mai yawa.

Na biyu, makahon gurbin ido. A wurin da jijiyar gani ta fita daga ƙwayar ido babu ƙwayoyin karɓar haske, kamar yadda Edme Mariotte na Faransa ya gano a shekarun 1660. A zana gicciye a hagu da ɗigo a dama a kan takarda, tsakaninsu santimita 8. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan gicciyen, a riƙa matso da takardar. A wajen nisan santimita 30 ɗigon zai ɓace, kuma ba rami za a gani ba, farar takarda za a gani, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin. Darasin shi ne, mutum ba ya jin cewa akwai abin da ba ya gani.

Na uku, taga. A yanke taga mai faɗin santimita 20 a jikin kwali, a naɗe gefensa ya tare wutsiyar ido, a riƙe shi santimita 20 daga fuska, wanda ya ba da digiri 53. Ɗalibai biyu su jera suna tafiya a fili, mai kwalin ya faɗi lokacin da ya fara ganin abokinsa. A auna tazarar da abokin ya ba shi.

Kammalawa

An ga cewa ido na da sassa biyu masu aiki daban, tsakiya mai tantancewa da gefe mai gadi, kuma allon kwamfuta na ciyar da tsakiyar ne ya bar gefen. Zaɓin kyamara, da madubi, da ɗan hange, da rada, da allo uku, duk ƙoƙari ne na mayar da abin da wutsiyar ido da wuya da kunne ke yi a zahiri, kuma kowanne na da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa. Abin da ba na'urar da za ta yi wa direba shi ne tuna cewa motar da ba a gani tana nan.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin aikin ɗigon kaifin gani da na wutsiyar ido.
2. Allo mai faɗin santimita 80 yana nisan santimita 100 daga ido. Ta hanyar zane da ma'aunin kusurwa, nemo digirin da ya cika.
3. Me ya sa gargaɗin murya ya fi ƙaramin rubutu amfani ga direban da ke shiga kwana?
4. Mota na gudun kilomita 90 a awa. Mita nawa za ta ci idan direba ya kawar da ido daga hanya na daƙiƙa 2?
5. Kwatanta zaman idon akuya da na kyanwa, tare da faɗin amfanin kowanne ga rayuwar dabbar.